Turancin Teku: Harshen da Ba Ya Yarda da "Wataƙila"

Ranar Asabar, 14 ga Disamba 1996, da misalin ƙarfe biyu na rana, jirgin dakon kaya mai suna Bright Field yana gangarowa a kogin Misisipi maƙare da masara, zai tafi Japan. Tutar Laberiya ce ke kaɗawa a bayansa, ma'aikatansa 'yan China ne, mai ba da umarnin tuƙi kuma Ba'amurke, ɗaya daga cikin 'yan jagorar da ke hawa baƙin jirage su ratsa da su kogin domin sun san kwanoninsa da ƙarfin ruwansa. Daidai birnin New Orleans, jirgin yana wucewa ta ƙarƙashin gada, sai inji ya ɗauke. Jirgi mai tsawon fiye da mita 200 ba shi da birki. In inji ya mutu, sitiyari ma yakan daina jin magana, ragama ta koma hannun ruwa.

Nan take aka kira ɗakin inji daga ɗakin tuƙi, aka shiga magana da Sinanci. Ɗan jagora yana tsaye a gefe, ya tambayi abin da ke faruwa, babu wanda ya juyo ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Da ya ga haka sai ya kama rediyo yana gargaɗi, yana ta danna ƙaho don mutanen bakin kogi su gudu. Cikin 'yan mintoci jirgin ya afka wa Riverwalk, wani rukunin kantuna da ke cike da masu sayayyar Kirsimeti. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mutum fiye da 60 sun ji rauni. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora babban laifin a kan sakaci wajen kula da inji, ta kuma nuna cewa a mintocin da suka fi kowane lokaci muhimmanci, labarin da ke kunnen ma'aikata bai isa kunnen wanda ke jan jirgin ba.

Irin wannan haɗuwar, tuta daga nan, ma'aikata daga can, ɗan jagora daga wani wuri dabam, ita ce rayuwar teku ta yau da kullum. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya, in an auna da yawansu, ta ruwa suke tafiya. Rahoton da ƙungiyoyin masu jirage na BIMCO da ICS suka fitar a 2021 ya ƙiyasta ma'aikatan jiragen kasuwanci a kusan mutum miliyan 1.89, a kan jirage fiye da 74,000, kuma Filifin da Rasha da Indonesiya da China da Indiya ne ke kan gaba wajen samar da su. Ba abin mamaki ba ne a tarar da jirgi ɗaya mai mutum ashirin, kyaftin ɗan Girka, babban injiniya ɗan Yukren, mataimaka 'yan Indiya, ƙananan ma'aikata 'yan Filifin, su yi wata shida suna cin abinci a teburi ɗaya. Abin da ya haɗa su Turanci ne, amma ba irin wanda ake ji a tashar BBC ba. Wani Turanci ne da aka yi wa aski, aka rage masa ado, aka ɗaure kowace kalma da ma'ana ɗaya tak.

Ba a rana ɗaya aka gina shi ba. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO mai hedkwata a Landan, ta fara amincewa da wani ƙaramin kundin kalmomin tuƙi a 1977, ta gyara shi a 1985. A cikin shekarun 1980 kuma wasu tsofaffin matuƙa da masana harshe a Ingila suka zauna suka saurari yadda ake magana a rediyon jirage, suka fito da tsarin da suka kira Seaspeak. Sai dai duk waɗannan sun fi mayar da hankali kan magana tsakanin jirgi da jirgi, ko jirgi da tudu. Gobara ce ta tilasta a leƙa cikin jirgin kansa.

A daren 7 ga Afrilu 1990 wuta ta tashi a jirgin fasinja na Scandinavian Star, tsakanin Oslo ta Norway da Frederikshavn ta Denmark. Kwanaki kaɗan ke nan da jirgin ya fara wannan hanya, da sababbin ma'aikata, yawancin ƙananansu 'yan Portugal waɗanda ba sa jin harsunan fasinjojin, Turancin da yawansu kuma bai taka kara ya karya ba. Hayaƙi ya cika lungunan ɗakunan kwana, mutane na lalube cikin duhu, waɗanda ya kamata su nuna musu ƙofa ba su da bakin yin haka. Mutum 159 suka mutu. Bayan wannan IMO ta sa aka faɗaɗa tsohon kundin ya ƙunshi kashe gobara, kwashe fasinja, lodi da sauke kaya, neman wanda ya faɗa ruwa da sauransu. A Nuwamba 2001 babban taron hukumar ya amince da sabon kundin jimlolin sadarwa na teku, wanda ma'aikata ke kira SMCP a taƙaice.

Dokoki biyu ne suka ba shi haƙora. Yarjejeniyar horar da ma'aikatan jirage ta STCW ta 1978, wadda aka yi wa garambawul a 1995 da kuma 2010 a Manila, ta ce duk jami'in da zai tsaya gadin tuƙi a jirgi mai girman tan 500 ko fiye dole ya iya Turancin da zai karanta taswira, ya fahimci rahoton yanayi, ya yi magana da sauran jirage da tashoshin tudu, ya kuma yi aiki da ma'aikata masu harsuna daban-daban. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS kuma ta ce kowane jirgi ya tsayar da harshen aiki guda, a rubuta shi a kundin jirgi. Zai iya zama Sinanci ko Rashanci. Amma magana da wani jirgi, ko da tudu, ko da ɗan jagora, Turanci ne, sai fa in duk masu maganar suna da wani harshen da ya haɗa su.

Wanda ya buɗe kundin yana zaton zai ga jerin manyan kalmomi zai sha mamaki, domin abin da ya fi ɗaukar ido shi ne abubuwan da aka hana. An kori kalmomin ladabi da Bature ke ji da su, irin su may da might da should da could, har can ma an ja mata kunne. Dalili kuwa, kowacce tana da fuska biyu. In jirgi ya ce da Turancin gida "I may enter", shin an ba shi izinin shiga ne, ko yana cewa mai yiwuwa ya shiga? A hira wannan ba komai ba ne. A bakin mashigar tasha, da tankar mai tana fitowa cikin hazo, babu wanda ke da lokacin zaman fassara.

A madadinsu aka kawo kalmomi takwas da ake ɗorawa a gaban saƙo, don mai sauraro ya san nau'in maganar tun kafin ya ji ta. In tambaya ce, mai magana zai fara da Question, sannan ya tambaya ko yana da izinin shiga. Daga tudu za a fara da Answer, kuma ba a yarda a ce "e" kawai a yi shiru ba, sai an maimaita jimlar gaba ɗaya: e, kana da izinin shiga. Akwai Warning ta gargaɗi, Advice ta shawara, Request ta neman wani abu, Information ta ba da labari, da Intention, wadda jirgi ke sanar da abin da yake shirin yi da ita. Ta takwas, Instruction, umarni ce da doka ke bayanta, kuma ba kowa ke da ikon furta ta ba, sai hukuma irin cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ko sojan ruwa. Hikimar a fili take: rediyo na iya cinye rabin magana, lafazi na iya ɓata sauran, amma in kalmar farko ta isa, an san ko roƙo ake yi ko umarni ake bayarwa.

Lambobi ma haka. Fifteen da fifty, ko thirteen da thirty, ƙarshensu kaɗai ya bambanta su, kuma ƙarshen kalma shi ne abin da ƙarar iska ke fara haɗiyewa. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake kiran su: 150 ta zama ɗaya, biyar, sifiri. Har furucin wasu an karkatar da gangan, tara ta koma "naina", uku ta koma "tiri", wanda ya yi wa duk wanda harshensa ba ya son th ta Bature daɗi. Haruffa kuma da sunayensu na Alfa, Bravo, Charlie ake jera su. Wanda ya yi tuntuɓen baki ba zai tsaya ba da haƙuri ba, zai ce Mistake, ya ce Correction, ya faɗi daidai. Wanda bai ji ba zai ce Say again. Abin dariya, kalmomi uku mafi nauyi a wannan Turanci duk daga Faransanci aka aro su: Mayday in rai na cikin haɗari, Pan-pan in lamarin na gaggawa ne amma bai kai can ba, Sécurité in sanarwar kiyaye lafiyar tafiya ce. Sau uku ake furta kowacce, galibi a tasha ta 16 ta rediyon VHF, wadda kowane jirgi ke bari a buɗe dare da rana.

Inda aka fi ganin tsarin yana aiki shi ne gaban sitiyari. A teku babu dama da hagu, domin damar mutum tana juyawa duk lokacin da ya juya. Ɓangaren jirgi na dama, in ana fuskantar goshinsa, sunansa starboard, na hagu kuma port, ko ina mutum ya sa gaba. Da can na hagun larboard ake ce masa, sai aka ga sunayen biyu sun yi kama a kunne in guguwa na kaɗawa, rundunar ruwan Ingila ta sauya shi a 1844. Yau in ɗan jagora ya ce "Port ten", mai riƙe da sitiyari zai maimaita da ƙarfi, "Port ten", sannan ya juya digiri goma zuwa hagu, in allura ta kai ya sake sanarwa cewa ta kai. Magana ɗaya, sau uku ta fito. Duk wanda ya taɓa ganin yaron mota yana jan direban tirela da baya a cikin tasha, yana "taho, taho, karya, tsaya", ya san irin wannan magana: gajera, da ƙarfi, ba a son ƙari. Bambancin shi ne a nan direban ma sai ya maimaita abin da ya ji kafin ya taɓa sitiyari, don in kunnensa ya yi kuskure a kama tun a bakinsa.

A daren 13 ga Janairu 2012 an ga abin da ke faruwa in wannan zaren ya fara sakwarkwacewa. Kyaftin Francesco Schettino, ɗan Italiya, ya matsa da katafaren jirgin yawon shaƙatawa na Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio, da mutum fiye da 4,000 a ciki. Da Turanci yake ba mai sitiyari, ɗan Indonesiya, umarni. Na'urar naɗar murya ta ɗakin tuƙi ta nuna an yi ta gyara wa mai sitiyarin lambobin da yake maimaitawa, kuma a daƙiƙun ƙarshe ya juya ɓangaren da ba shi aka ce ba kafin ya gyara. Jirgin ya daki dutse, mutum 32 suka mutu. Kyaftin ya so ya rataya laifin a wuyan mai sitiyari, kotu ba ta yarda ba, ta ɗaure shi shekara 16, kuma da gaskiyarta: wanda ya kai jirgi inda kuskuren daƙiƙa kaɗan zai kashe mutane shi ne mai babban laifi. Amma tambayar da makarantun horo suka riƙe ita ce, me ya sa aka ci gaba da gudu a kusa da duwatsu bayan an ga umarni ba ya isa daidai?

Ɗalibin da ya shiga wannan fage yakan fara ne da sunaye, kuma suna da yawa. Bango, ƙasa, matakala, kicin, kowanne yana da sunansa na jirgi wanda ba shi ake kira a tudu ba. Nisa da mil na teku ake auna shi, mita 1,852. Igiyoyin da ake ɗaure jirgi da su a tasha kowacce da sunanta, gwargwadon inda ta fito da inda ta nufa, kuma wannan ba ƙawa ba ce, domin igiya mai kaurin damtse in ta tsinke a ɗaure takan dawo da ƙarfin da ke karya ƙafa ko ta kashe mutum. In an ce a sassauta wannan aka ja waccan, an shiga uku. Wanda aka tura goshin jirgi lokacin jefa anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan teku, yana riƙe da oba-oba yana ba kyaftin rahoto: sarƙa nawa ta shiga ruwa, da ma'aunin da kowane ɗaya ya kai mita 27.5, da kuma inda ta miƙe, wanda ake faɗa da fuskar agogo, goshin jirgi shi ne ƙarfe goma sha biyu. Kyaftin yana can sama, nisan filin ƙwallo biyu, ba ya ganin komai. Da kalmomin yaron nan yake gani.

IMO tana da manhajar koyarwa ta musamman, mai lamba 3.17, wadda makarantu ke ɗora darussansu a kai. Kamfanoni da yawa kuma ba sa ɗaukar mutum sai ya zauna gwajin kwamfuta irin na Marlins, inda ake auna sauraro da nahawu da kalmomi da lambobi, kowane kamfani da makin da yake nema ga kowane muƙami. Gwajin yana da amfani, amma yana da iyaka, domin zaɓen amsa a gaban allo cikin sanyin fanka daban, amsa kiran rediyo da ƙarfe uku na dare daban. Shi ya sa makarantun da suka san abin da suke yi ke sa ɗalibai a ɗakin kwaikwayon tuƙi, a raba su jirgi da tudu, a sa musu ƙara a rediyo, a kunna musu muryoyi masu lafazin Indiya da Koriya da Rasha da Masar. Akasarin waɗanda matuƙi zai yi magana da su a rayuwarsa ba a haife su da Turanci ba. Kunnen da ya saba da lafazi ɗaya kurum bai gama makaranta ba.

A nan ne ma Turawan Ingila da Amurka ke samun kansu cikin masu laifi. Malaman wannan fanni sun daɗe suna ƙorafi cewa wanda aka haifa da harshen yakan ɗauka ba shi da abin koyo, sai ya yi ta zuba da sauri, da karin magana da barkwanci, ya bar na ɗaya ɓangaren yana "yes, yes" alhali bai kama ko rabi ba.

Wannan "yes" ɗin shi ne babban ciwon, kuma ba ƙamus ke maganinsa ba. Ƙaramin ma'aikaci da ya taso a gidan da ba a sa babba ya maimaita magana, wanda kuma kwantiraginsa na gaba ya dogara da rahoton da kyaftin zai rubuta a kansa, zai fi son ya gyaɗa kai da ya ce bai gane ba. Har manya ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2007 jirgin kwantena na Cosco Busan ya fita daga tashar Oakland cikin hazo mai kauri. Ɗan jagora Ba'amurke ya tambayi kyaftin ɗan China ma'anar wasu jajayen alamomi a taswirar kwamfuta, ya sami gajeriyar amsa, kowannensu ya tafi da fahimtarsa, babu wanda ya sake bincikawa. Jirgin ya goga ginshiƙin gadar San Francisco zuwa Oakland, man inji kimanin lita 200,000 ya malale a ruwa. Masu bincike sun ambaci magungunan da ɗan jagoran ke sha, sun kuma ambaci rashin zama a yi cikakkiyar magana tsakanin mutanen biyu kafin tashi. A Maris 2021 kuma, da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida, rahoton hukumar jiragen ruwa ta Panama ya lura cewa 'yan jagorar Masar suna tattaunawa da Larabci a tsakaninsu, kyaftin da jami'ansa 'yan Indiya ba sa bin zancen. Shekara 24 bayan New Orleans, matsala ɗaya, sai dai an yi musayar wuri.

Ba kullum ne yawan magana ke zama alheri ba. Hukumomin Birtaniya sun sha gargaɗin jami'ai kan ɗabi'ar kiran jirgin da ke tunkaro su a rediyo don a sasanta ta inda kowa zai bi. Sau da yawa wani jirgin dabam ne ke amsawa, ko a ƙare mintocin kaucewa ana "wa ke kira?" Dokokin kauce wa karo na 1972 sun riga sun faɗi wanda zai ba da hanya, har da harshensu na ƙaho: busa ɗaya gajera, ina karkata dama, biyu, hagu, uku, injina na ja da baya, biyar a jere, ban gane nufinka ba. Cikin darussan Turancin teku har da sanin lokacin da za a ajiye rediyo a juya sitiyari.

Gaɓar Afirka ta Yamma wuri ne da ake ganin amfanin abin ƙarara. Jirgin da ya bar Apapa ya nufi yamma zai taɓa Kwatano da Lome masu Faransanci, ya shiga Tema mai Turanci, ya koma Faransanci a Abidjan, duk cikin 'yan kwanaki. In kudu ya yi, ga Malabo da Sifaniyanci, ga Luwanda da harshen Portugal. Ta wasu daga cikin waɗannan tashoshin ne shekara da shekaru kayan 'yan kasuwar Kano da Maraɗi da Damagaram ke sauka, kuma kowace kwantena sai da ta ratsa ta irin waccan gajeriyar hira tsakanin kyaftin da ɗan jagora. Ƙasashen yankin suna da yarjejeniyar binciken baƙin jirage da suka sa wa hannu a Abuja a 1999, kuma jami'in bincike yana da ikon sa a yi atisayen gobara a gabansa. In ya ga ma'aikata ba sa fahimtar juna, yana iya hana jirgin tashi har sai an gyara.

Makarantun horo ma suna nan: ta Oron a jihar Akwa Ibom, jami'ar yanki da ke Nungua a Accra, da takwararta ta masu Faransanci a Abidjan, inda dole ɗalibi ya ɗora Turancin aiki a kan Faransancin karatu. Tun 2008 hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, NIMASA, ke tura matasan Najeriya karatun tuƙi da injiniyanci a ƙasashe irin su Indiya da Filifin da Masar. Ɗalibin Najeriya ko Ghana yakan zo da rinjaye, tunda da Turanci ya yi sakandare, sai dai Turancin jarrabawar WAEC yana son doguwar jimla da kwalliya, na rediyo kuma yana son a datse. Akwai kuma Turancin burokan da ke zamewa baki in an shiga ruɗani, wanda ɗan Yukren ba zai tsinci komai a ciki ba.

Babban cikas ɗin yana gaba da aji. Kafin a ba ɗalibi takardar zama jami'in tuƙi, STCW ta ce sai ya yi aƙalla wata 12 a teku a ƙarƙashin tsarin horo, kuma a can ne kunne ke sabawa da lafuzza, baki ya saba da maimaita umarni ba tare da jin kunya ba. Kamfanin jiragen ruwa na gwamnatin Najeriya, wanda da yake ɗaukar ɗalibai a jiragensa, an rushe shi tun 1995. Daga lokacin, samun gurbi a jirgin da ke ƙetare teku ya zama abin da ɗaliban Oron da waɗanda aka tura waje suka fi kuka da shi, kuma da yawa sukan gama karatu su zauna a gida shekaru suna jiran kamfanin waje da zai ba su gado a jirginsa.